Gwangwanin Hajiya Kaka: nawa ne kuɗin tsohon kuɗi?

Wani ƙanenmu ɗan aji biyu na babbar sakandare ne ya jawo wannan tafiya. A hutun da ya wuce ya ga wani bidiyo a wayar abokinsa, inda wani mutum ya ɗaga kwabo mai huji yana rantse-rantse wai Turawa na sayen irinsa miliyoyin naira. Nan take yaron ya tuna cewa a ƙasan adakar kakarsa, a gidansu na Fagge, akwai wani tsohon gwangwanin alawa cike da irin waɗannan kuɗaɗe. Ya tura saƙo ga lambar da ke jikin bidiyon. Ba a jima ba amsa ta zo: kayansa masu tsada ne ƙwarai, amma sai ya fara biyan kuɗin rajista kafin a turo mai dubawa. Da ya rasa inda zai samo kuɗin ne ya zo wurinmu rance, ta haka maganar ta fito.

Ba mu ba shi rancen ba. Mun dai je mun durƙusa gaban Hajiya muka roƙi aron gwangwanin na yini guda, domin mu kai wa waɗanda suka san kan abin su duba. Ta yi wa yaron tsiya irin ta kaka da jika, wai maigidan nata ya gaza kawo cefane ya koma leƙen adakarta. Sannan ta zazzage kuɗin a kan tabarma ta ƙirga a gabanmu ɗaya bayan ɗaya, guda 63, ta ce haka za ta sake ƙirgawa da magariba.

Kafin mu fita sai da ta biya mana karatun da babu shi a littattafanku na lissafi. Anini goma kwabo ɗaya. Ɗari rabin kwabo ne, ahu kwabo ɗaya da rabi, taro kwabo uku, sisi kwabo shida, nai kwabo tara, sule kwabo sha biyu. Sule biyu fataka, sule ashirin fam guda. Ke nan fam ɗaya kwabo 240 ne, ko anini 2,400. Da aka kawo naira ranar 1 ga Janairun 1973, fam ya zama naira biyu, sule ya zama kwabo goma na sabon kuɗi. Abin da ya sa ke nan iyayenku ke kiran naira 200 jaka guda: jakar fam ɗari ce ta da. Duk sanda kuka ce wa aboki ba ku da ko sisi, ko kuwa ba ku da ko anini, kuɗin da ke cikin gwangwanin nan kuke ambata.

Yadda sulalla suka cika Fagge

Ba abin mamaki ba ne a sami irin wannan ajiya a Fagge. Tun kafin zuwan Turawa, nan ne zangon da ayarin raƙuman Buzaye da sauran fatake ke sauka a bayan ganuwa. A lokacin wuri ne kuɗin kasuwa, sai kuma dala ta azurfa don babban ciniki. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa dala ɗaya na daidai da wuri 2,500. Ku kwatanta nauyin da mai sayen doki zai ɗauko.

Turawan Ingila sun ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe gadan-gadan a shekarar da ta biyo. Manomi ba ya son takarda, sulen azurfa yake so, wanda zai jefa a dutse ya ji ƙararsa. Da farko sulallan Ingila ne da kansu ke yawo. A 1912 aka kafa hukumar kuɗi ta yankunan Afirka ta Yamma da ke hannun Ingila, wato Najeriya da Gana da Saliyo da Gambiya na yanzu, daga 1913 kuma ta fara fitar da nata sulen mai hoton bishiyar kwakwar manja. A wannan tsakanin ne aka yanka Sabon Gari don ma'aikatan jirgi da akawuna da 'yan kasuwa da suka zo daga kudu, kantunan Kwarori kuma suka kafu a gefen Fagge. Kuɗin gyaɗa ta waɗannan unguwanni biyu ya riƙa ratsawa. Har yau ana ba da labarin Alhassan Ɗantata, wai a 1929 ya kai ajiyar sulalla banki a kan raƙuma ashirin.

Daga gidan Hajiya muka fara biyawa ta Wapa, tun da a Kano duk mai maganar canji can yake dosa. 'Yan canjin da muka nuna wa sun juya kuɗin a hannu cikin nishaɗi, wani ya tuna kakansa, amma babu wanda ya taya. Sana'arsu kuɗin da ake kashewa yau ne: dalar Amurka, riyal, sefa, fam na takarda. Kuɗin da aka daina karɓa ya tashi daga kuɗi ya koma kaya, kamar tsohon takobi ko tsohon agogo. Abu biyu ke sa masa farashi. Ko dai ƙarfen da aka yi shi da shi, ko kuma ƙarancinsa a wurin masu sha'awar tara irinsa. Tsufa kaɗai ba ya cikin lissafin, kuma a nan ne mai bidiyon ya kama ƙanenmu.

Sarkin wata goma sha ɗaya

A cikin 63 ɗin nan, 41 masu huji ne: kwabo, ɗari da anini. An huda su ne don a riƙa zura su a igiya. A gefe ɗaya akwai tauraro mai tsini shida, a ɗaya gefen akwai kambin sarauta da sunan sarkin Ingila, da kuma darajar kuɗin da rubutun Larabci, saboda masu karatun allo sun fi masu boko yawa nesa ba kusa ba. Yawancinsu farare ne, shi ya sa yara ke zaton azurfa ce. Ba ita ba ce, jan ƙarfe ne aka gauraya da nikel.

Uku daga ciki na ɗauke da shekarar 1936 da sunan Edward na Takwas, kuma a nan labarin ya yi daɗi. Wannan sarki ya hau gadon sarauta a Janairun 1936, ya yi murabus a Disamba saboda ya nace sai ya auri wata bazawara Ba'amurkiya. A Ingila ba a kai ga sakin kuɗi mai hotonsa ga jama'a ba, 'yan samfuri kawai aka buga aka kulle. Ɗaya daga cikin waɗannan samfura, fam na zinariya mai shekarar 1937, an sayar da shi fam miliyan ɗaya a farkon 2020. To amma a nan Afirka ta Yamma, da yake kuɗinmu mai huji ne, ba ya buƙatar hoto, suna kawai za a sauya, sai aka buga shi tun sarkin na kan mulki. Wurare ƙalilan ne a duniya suka sami kuɗi mai sunansa, mu muna ciki.

Idon ƙanenmu ya kawo haske da jin haka, sai dai an buga waɗannan kwabbai miliyoyi a kan miliyoyi, mutane da yawa kuma sun ɓoye su tun a lokacin don tunawa da abin da ya faru. Suna nan jingim a kasuwannin masu tara kuɗi, ana sayar da su da araha. Sarki ɗaya, kusan shekara ɗaya, wancan fam miliyan, wannan kuwa da ƙyar ya sayi abincin rana. Bambancin shi ne guda nawa suka rage a duniya. Duk lokacin da kuka ga bidiyo ana haɗa labarin wancan da hoton wannan, kun san inda aka dosa.

A kan sikelin mai gwal

Daga Wapa muka gangara kasuwar Sabon Gari, wurin wani mai sayar da gwal da ya yarda ya ba mu lokacinsa. Kayan aikinsa ba su da yawa: ƙaramin sikeli mai auna giram, madubin ƙara girma, maganaɗisu, da baƙin dutsen gwaji. Ya ware masu hujin gefe guda ba tare da ya ko duba su ba. Ya ware wasu 14 masu ruwan ɗorawa, sulalla da fataka da sisi, waɗanda ƙanenmu ya daɗe yana kyautata zaton gwal ne. Tagulla ce.

Dalilin yana cikin tarihi. Bayan yaƙin duniya na ɗaya farashin azurfa ya yi tashin da har ƙarfen da ke cikin sule ya nemi ya fi sulen kansa daraja. A 1920 sai Ingila ta rage azurfar kuɗinta daga kashi 92.5 cikin ɗari zuwa kashi 50, a 1947 kuma ta cire ta ɗungum. Mu a Afirka ta Yamma ba a ma ja dogon lokaci ba, daga 1920 aka koma yi mana sulen tagulla. Mutane suka riƙe na azurfar suka ƙi fitarwa, maƙeran fari kuma suka narkar da da yawa suka yi mundaye da zobba da kayan adon doki. Wataƙila awarwaron da ke hannun wata gwaggonku tsohon sule ne.

Saboda haka shekara ce abin da za ku fara dubawa. Sule shida ne suka tsallake wannan jarrabawa a gwangwanin Hajiya: biyar masu bishiyar kwakwa na tsakanin 1913 da 1919, ɗaya kuma na Ingila mai hoton Sarauniya Victoria, wanda ya sha hannu har fuskar ta kusa shafewa. Ga aikin lissafi. Sabon sule na da nauyin giram 5.66. Ku ninka da 0.925, za ku sami kusan giram 5.23 na tsantsar azurfa. Guda shida sun ba da wajen giram 31, a cire abin da gogayya ta cinye. Idan aka ce giram naira 2,000 ne, a misali kawai don farashin na sauyawa kullum, duka shidan ba su wuce naira dubu sittin da 'yan kai ba, mai saye kuma zai rage ribarsa. Kuɗi ne, amma ina miliyan?

Sai dala. Ita ce mafi girma a gwangwanin, mai hoton wata mace mai jiki da shekarar 1780. Ƙanenmu ya riga ya yi lissafi cewa ta haura shekara 240. Matar ita ce Maria Theresa, sarauniyar Ostiriya, wadda ta rasu a 1780. Fataken Larabawa da na Habasha da na ƙasar Hausa sun amince da wannan dala har ba sa karɓar wata, don haka aka ci gaba da buga ta da shekarar nan ɗaya ba a sauyawa. An buga ta a Ostiriya da Italiya da Faransa da Indiya, har gidan buga kuɗi na Landan ya buga ta daga 1936, kuma har gobe ana buga ta a Ostiriya. Ta Hajiya na iya zama ta zamanin Barth, tana kuma iya zama sa'ar Hajiyar ce. Abin da ba ya sauyawa shi ne nauyinta, giram 28 da ɗan ɗori, kashi 83.3 cikin ɗari azurfa, wato wajen giram 23.4. Ita kaɗai ta kai sulallan azurfa huɗu da rabi. Sunanta ma bai mutu ba, don a Maraɗi da Damagaram har yau dala ake kiran sefa biyar.

Sisin gwal

Na ƙarshe yana ƙulle cikin tsumma, shi ne ya sa mai shagon ya gyara zama. Sisin gwal ne, wanda Hajiya ta ce mahaifiyarta ce ta zo da shi daga aikin hajji. Fam ne na zinariya na Ingila, irin wanda aka fara bugawa a wannan siffa a 1817. A gaba hoton Sarki George na Biyar, a baya mahayin doki riƙe da takobi, dodo a ƙarƙashin kofaton dokin. Ba mamaki ya fito daga Makka, don a da wannan fam ne abin amincewa a ƙasar Larabawa. Ko kuɗin farko da kamfanin Amurka ya biya Sarki Abdul'aziz a 1933 don haƙar mai, irinsa ne guda 35,000.

Kowane na gaske nauyinsa giram 7.98 ne, faɗinsa milimita 22, gwal ne mai karat 22, tsantsar zinariyar ciki giram 7.32. Waɗannan alƙaluma su ne makamin mai saye, kuma darasin fiziks ne da kuka riga kuka yi. Zinariya na da nauyin giram 19.3 a kowace santimita mai fuska shida, dalma 11.3, azurfa 10.5, tagulla wajen 8.5. Wanda ya ƙera jabu da tagulla, in ya daidaita girman, nauyin zai tsaya kusan rabi. In ya daidaita nauyin, kuɗin zai yi kauri ya fallasa kansa. Maganaɗisu na taimakawa kaɗan, don ba ya kama gwal ko azurfa, amma tagulla ma ba ya kama ta, saboda haka kada ku dogara da shi kaɗai. Akwai kuma matsala ta daban: maƙeran gwal a ƙasashen Larabawa sun daɗe suna kwaikwayon wannan fam don ado da sadaki, da gwal na gaske amma wani lokaci mai ƙarancin karat. Yawancin abin da ake kira sisin gwal a bukukuwa ba sai an tabbatar daga Ingila ya fito ba.

Na Hajiya ya ci jarrabawar sikeli. Da madubi muka ga ƙananan haruffa biyu, SA, a ƙasan dokin, saman shekarar 1927. Alamar inda aka buga shi ke nan, birnin Pretoria na Afirka ta Kudu. S na nufin Sydney, M Melbourne, P Perth, duk a Ostireliya, C Kanada, I Indiya, wanda babu harafi kuma na Landan ne. Wannan ɗan harafi na iya sauya komai. Fam na 1917 mai P gama-gari ne, amma na 1917 marar harafi yana cikin waɗanda ake nema ido rufe, don kusan dukansu an biya Amurka bashin yaƙi da su an narkar. Na Pretoria na 1927 kuwa miliyoyi aka buga. Ƙari a kan haka, an taɓa yi wa na Hajiya walda a baki don a rataya shi a sarƙa, wanda a wurin masu tarawa babban aibi ne. Kuɗinsa kuɗin gwal ɗinsa ne, giram 7.32 a farashin ranar. Duk da haka shi kaɗai ya ninka sauran 62 ɗin a haɗe.

A nan muka ɗan yi tunanin inda zinariyar ta fito tun asali. Kuɗin gwal da Ingila ta fara bugawa a 1663 sunansa gini, don daga gaɓar Afirka ta Yamma aka kwaso gwal ɗin. Wasu na ɗauke da ɗan hoton giwa a ƙasan kan sarki, tambarin kamfanin da ya kawo shi, wanda kuma shi ne ke safarar bayi. Na Hajiya ma daga ramukan Afirka ta Kudu ya fito, inda baƙaƙen fata suka haƙo shi da guminsu.

Ɓarnar toka da lemon tsami

Masu tara tsofaffin kuɗi, waɗanda ke cika ɗakunan gwanjo a Landan da Amurka, abin da suke biya shi ne ƙaranci da lafiyar jiki. Kwabon Ingila na 1933 jan ƙarfe ne, babu ɗigon gwal a cikinsa, amma da yake kimanin bakwai kawai aka buga, ɗaya ya fi tarin fam na zinariya tsada. Kuɗi biyu masu shekara ɗaya kuma, wanda bai taɓa shiga kasuwa ba, gashin kan sarki na fita sili-sili, yana iya ninka wanda ya sha hannu sau da yawa.

A nan ne ƙanenmu ya sunkuyar da kai. Ashe a daren da ya yi magana da mai bidiyon ya saci jiki ya goge guda goma da toka da lemon tsami don su yi kyan gani. Sun yi ƙyalli kuwa, amma a ƙarƙashin madubi duk jikinsu zane ne kamar an ja su a kan yashi. Baƙin da tsufa ke sa wa azurfa ba datti ba ne a wurin masana, shaida ce cewa ba a taɓa ta ba, kuma in an kankare ba ya dawowa yadda yake. Allah ya taimake shi masu huji ya goge, bai kai ga sulallan ba. A bar kaza cikin gashinta. Ko dutsen gwaji da ruwan asid na mai gwal, in kuna zaton kuɗin na da ƙaranci, kada ku bari a goga shi a kai. Sikeli da madubi sun isa.

Mun sake duba saƙonnin mai bidiyon a kan hanyar komawa. Bai tambayi shekara ba, bai tambayi nauyi ba, bai nemi hoton baya ba, ya dai yanke farashi ya nemi kuɗin rajista. Mai gwal na Sabon Gari kuwa bai karɓi ko anini ba kafin ya duba, ya auna a gabanmu, ya kuma ce in da sayarwa za a yi, mu zaga shago biyu ko uku mu ji tayinsu. Mu a ganinmu ɗalibi ba shi da hurumin sayar da irin wannan kaya ko da na gaske ne. Ajiyar gida ce, wani lokaci ma gado ne da ke da masu haƙƙi a kai, sai da sanin manya.

Da magariba Hajiya ta ƙirga, 63 cif. Ta ƙulle sisin gwal a tsummansa, ta haɗa da dala da sulallan azurfa ta mayar ƙasan adaka, ta ce na auren ƙanwarsa ne. Masu hujin da na tagulla ta tura wa maigidan nata da ƙafa, wai ya je ya yi cefanen da su.

Bai raina ba. Ya sayi littafi mai shafi 40, yana ɗora takarda a kan kowane kuɗi ya goga fensir har zanen ya fito, ya rubuta shekara da sunan sarki da ɗan harafin da ya gani, H ko KN, alamun kamfanoni biyu na Birmingham da suka buga da yawa daga cikinsu. Kowanne ya naɗe shi a takarda daban, yana riƙe shi ta baki kamar yadda aka nuna masa. Ya jera su daga Edward na Bakwai zuwa Sarauniya Elizabeth, ya bar gurbin shekarun da babu. Gurbin farko na aninin 1907 ne, wanda aka yi da alminiyam, yana kuma cikin kuɗaɗen alminiyam na farko da aka kashe a kasuwa a duniya, kafin a ga yana saurin lalacewa a sauya ƙarfen a 1908. Ya ce ranar Asabar zai leƙa rumfunan masu tsofaffin kaya a kasuwar Kurmi, in bai samu ba kuma akwai wata ƙawar Hajiya a Fagge da aka ce ita ma tana da gwangwani.